Ƙadangare Mai Tabarau

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Amatullah ta faɗo caji ofis riƙe da wuyan hannun wata mata, kamar wadda ta kamo ɓarauniyar kaza. A bayansu wani dattijo yana ɗingishi, gwiwar wandonsa a yage, ga filasta a goshi.

Duk wanda ya san Fadaman Mada ya san Hajiya. Ita ce mai shagon gwajin ido da tabarau, wanda suka kafa da mijinta, ta ci gaba da riƙe shi bayan Allah ya yi masa rasuwa. Mace ce mai kirki, ba na ci mata zarafi. Sai dai fushinta kullum yana riga tunaninta isa wuri.

Wadda ta riƙo kuwa Christabel ce, mai zane. Tana da ɗan ɗaki a bakin titi inda take tsara katuna da kalanda a kwamfuta. Shekara shida tana wannan aiki ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Aka kai su gaban Sufeto Ja'afaru. Gajere ne, mai sanyin murya. An ce ba ya ɗaga murya a ofis don a gida akwai mai ɗaga masa. Ni dai ban ji da kunnena ba.

Ya ba su kujeru, ya ce Hajiya ta fara, amma ta saki hannun tukuna.

Ga yadda abin yake. Yawancin masu zuwa shagon Hajiya tsofaffi ne, 'yan fansho, waɗanda in ka aika musu saƙo a waya sai jika ya zo hutu sannan a buɗe. Amma har yau suna riƙe da akwatinsu na gidan waya, suna zuwa dubawa kamar masu zuwa gaida surukai. Sai Hajiya ta yi dabara. Ta sa Christabel ta zana mata kati na musamman: a gaba wani tsoho sanye da tabarau yana zura wa matarsa zare a allura, a baya gurbin adireshi da na kan sarki, sai sanarwa da manyan baƙaƙe cewa ranar Asabar za a gwada ido kyauta, a kira wannan lamba a kama layi. An buga kati ɗari takwas, an zuba su a gidan waya.

Asabar ta zo. Hajiya ta kafa rumfa, ta jera kujeru, ta sa an yi zoɓo. Wayarta ko ƙyas ba ta yi ba duk makon. Har la'asar babu wanda ya zauna a rumfar sai akuyar maƙwabta.

Sai yau da safe wannan dattijon, Malam Ikrima, tsohon hedimasta, ya zo mata da faɗa. Ya kira lambar da ke jikin katin, an ce masa shago ya koma Gwallaga. Ya je, wasu mutane suka ɗora masa tabarau irin na masu talla a tire, ya fito yana ganin ƙasa tana tasowa, ya taka inda babu ƙasa ya faɗa kwata.

Sufeto ya karɓi katin. Hajiya ta miƙa masa nata kwafin na gwajin da ta sa wa hannu kafin a buga. Ya jera su a tebur. Tsoho ɗaya, allura ɗaya, komai ɗaya. Lambar waya ce kawai ta bambanta.

"Wa ya taɓa aikin nan bayan Hajiya ta sa hannu?"

"Ni, Yallaɓai," in ji Christabel.

"Wa ya kai shi wurin mai injin bugawa?"

"Ni."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

Hajiya ta tafa hannu ta ce to me ake jira, ai mai laifi ta faɗa da bakinta. Difi'o ma, shugaban ofishin, da ya leƙo ya ji, haka ya gani. Ya ce wa Sufeto in har la'asar bai kawo wani suna ba, a rubuta takarda a sa ta bayan kanta, gobe kotu.

Christabel ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna a benci tana murza yatsunta masu tabon tawada. Ta san garin nan. Mai zanen da aka ce ta sayar da aikin mai kaya, ko kotu ta wanke ta, ba mai sake ba ta ko katin suna.

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Job, suka fita.

Sun fara da shagon Gwallaga, inda Malam Ikrima ya kwatanta. Kwaɗo suka tarar a ƙofa. Telan da ke kusa ya ce wasu baƙi biyu ne suka zo da tebur da bokitin tabarau, kwana uku tsofaffi na layi, ranar Lahadi suka kwashe. Saje ya kira lambar, a kashe take.

Daga nan ɗakin buga takardu bai fi tafiyar minti biyar ba. Mai injin sunansa Hammawa, dogon Bafulatani, wanda kakanninsa suka bi shanu shi kuma ya bi tawada. Suka same shi yana goge jikin inji da tsumma.

Da farko ya rantse cewa ya gwada abin da ya buga da kwafin gwaji, harafi da harafi. Sufeto bai yi musu ba. Ya rufe katin da tafin hannu ya ce to ya faɗa masa abin da aka rubuta a baya.

Hammawa ya sosa ƙeya. Ya ce akwai maganar ido. Ko haƙori ne?

Saje ya fashe da dariya. Hammawa ya sauke kai ya ce gaskiya su masu inji ba sa karanta abin da suke bugawa. Launi suke gani. Ko zaginsa aka rubuta, in dai ja ya hau daidai kan shuɗi, zai buga dubu ya miƙa da murmushi.

"To duba min da idon launin," in ji Sufeto.

Hammawa ya zaro wani ɗan madubin ƙara girma daga aljihu, ya ɗora a bayan katin, ya sunkuya. Ya bi layin farko, ya bi na biyu. Da ya zo kan lambar ya tsaya.

"Wannan ba hannun Madam Christabel ba ne."

"Ta yaya ka sani?"

Ya miƙa masa madubin. Sufeto ya leƙa. Duk rubutun baƙi ne tas, gefensa a tsaye kamar an yanka da reza. Amma lambar, gefenta cike yake da ƙananan ɗigo, ja da shuɗi da rawaya, kamar ƙwan kifi.

Hammawa ya yi bayani. Injinsa da tawada huɗu yake aiki. Mai zanen da ya san aiki, in zai yi rubutu, baƙar tawada zalla yake ba shi, don kada ya yi inuwa. Wanda ya koyi zane a waya kuwa bai san da wannan ba. Baƙinsa na fuskar waya ne, in ya zo inji sai an haɗa duka huɗun kafin ya fito. Ya ce Madam ko a mafarki ba za ta yi wannan ba, ita da ta taɓa dawo masa da aiki don jan ya yi kamar na tumatirin gwangwani.

Sufeto yana saurare yana wasa da tarkacen da ke cikin kwandon da ke ƙarƙashin wuƙar yankan takarda. Sai ya ɗago wani siririn yanki. A jikinsa ga ɗan ƙadangare, bai fi ƙwayar dabino ba, sanye da tabarau, ya ɗaga kai kamar mai jiran a gaishe shi.

Ya juya katin gaba da baya. Babu ƙadangare.

Hammawa ya yi dariya ya ce ai ba zai gan shi ba. Kowane zane ana barin masa rara a gefe, wadda wuƙa za ta cinye, don kada farin takarda ya leƙo a bakin kati. To can wajen layin yanka Madam take ajiye ƙadangarenta. Alama ce tsakaninsu: in ya ga ƙadangare, mai kaya ya sa hannu, a buga. In babu, kada ya taɓa. Kowane aiki da irin shigarsa. Na masu biredi da hular kuku ya zo, na wata makaranta da jaka a baya. Mai kaya bai taɓa ganinsa ba, don kafin kati ya fita ƙofar nan wuƙa ta raba su.

Sufeto ya sa yankin a aljihun gaba.

"Da ta kawo maka filas ɗin kwamfutar da zanen yake ciki, ƙarfe nawa?"

"Ai ba ita ta kawo ba, Yallaɓai. Ƙanin mijin Hajiya ne, Musaddiq. Bayan la'asar, ranar Talata. A bakin ƙofa ya miƙo min, ko sallama bai ƙarasa ba, wai warin tawada na sa shi atishawa."

Sai washegari aka buga, aka yanka, Hammawa da kansa ya kai kwalayen wurin masu liƙa adireshi.

Da suka koma ofis, Christabel na nan inda suka bar ta. Sufeto ya zauna kusa da ita a bencin, ya ce mata ƙaryar da ta yi da safe saura kaɗan ta kwana da ita a bayan kanta.

Nan ne fa idonta ya kawo ruwa. Ta ce abu biyu ne suka ɗaure mata baki. Na ɗaya, a sana'arsu abin kunya ne ka ba wani aikin da aka sa wa hannu ya kai maka, kamar ungozoma ce ta ba ɗan acaɓa jariri. Na biyu kuma... sai ta kalli Saje. Saje ya juya yana karanta kalandar bango kamar bai taɓa ganinta ba.

Ashe akwai wani soja a barikin Shadawanka da ke neman ta. Wata tara yana daji, ranar Talatar ya dawo, kuma hutun kwana biyu kacal aka ba shi. Baffanta da take zaune a gidansa kuwa ya rantse ba zai ba soja 'ya ba. In ta ce ba ita ta kai filas ba, za a tambaye ta ina ta je.

Sufeto ya ce shi ba baffanta ba ne, ta ci gaba.

Ta ce Musaddiq ne ya kawo mata kwafin gwajin da Hajiya ta sa wa hannu, wajen sha biyun rana. Bai shigo ba, yana cikin keke yana waya, ta taga ta karɓa. Ta zauna ta ɗora ƙadangarenta, ta juye aikin a filas. Da ta fito tana saurin zuwa wurin sojan, shi ya ce ai Gwallaga zai bi, ta kawo ya sauke mata.

"Kafin ya zo babu ƙadangaren?"

"Babu, Yallaɓai. Shi ne na ƙarshe kullum."

"Ya ga fuskar kwamfutarki?"

"Bayanta ne ke kallon taga."

Sha biyun rana zuwa bayan la'asar, a tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Sufeto ya dubi agogo. Biyu da kwata. Ya ce ta tashi su je.

A shagon Hajiya suka sami Musaddiq a bayan gilashin tabarau, cikin shadda mai sitaci, yana ba Malam Ikrima haƙuri da murya mai daɗi. Mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu. Tun rasuwar yayansa yake shagon, ana ce masa manaja, kodayake abin da yake sarrafawa bai wuce rimot ɗin fanka ba. Shi ne kuma mai haɗa wa dangi hoton barka da Juma'a a waya, da furanni da sunansa a ƙasa.

Ganin Christabel, Hajiya ta haɗe rai. Sufeto ya ce 'yan tambayoyi ne kawai na cike takarda.

Musaddiq bai musa cewa shi ya kai filas ba. Ya ce taimako ya yi, ga shi taimako na neman zame masa tsiya. Da aka tambaye shi awa huɗun nan, ya ce salla ya tsaya, ya ci abinci, ya biya gaida wani abokinsa mara lafiya.

"Ka buɗe filas ɗin?"

"Da me zan buɗe, Yallaɓai? Ni ko kwamfuta ban da ita."

"Ka shiga ɗakinta?"

"Ina cikin keke."

"Ɗakin inji fa?"

"A ƙofa na tsaya. Ku tambayi Hammawa."

"Wato ba ka ga zanen ba sai da kati ya fito."

"Sai da ya fito, kamar kowa."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya rubuta, ya karanta masa, ya sa shi ya sa hannu. Sannan ya rufe littafin kamar an gama. Ya ɗauki kati ɗaya daga kan gilashi yana juyawa, ya ce shi abin da ke ba shi mamaki, mace mai hannu irin wannan, mai natsuwa, a ce ta yi wannan ɗanyen aiki. Ya ce yana ganin zai gaya wa Difi'o a sake ta, don bai ga alamar wasa a aikinta ba.

Wannan magana ce ta tsone wa Musaddiq ido. Ya juya wurin Hajiya.

"Anti, kina ji fa. Natsuwa wai. Na sha gaya miki matar nan ba ta ɗauki aikinmu da daraja ba. Wadda za ta zana ƙadangare da tabarau a jikin katin shagon Yaya, tana mayar da tsofaffinmu abin dariya, ita ce mai natsuwa?"

Hajiya ta ɗauki kati ta duba. Ta sa tabaranta ta sake dubawa.

"Wane ƙadangare?"

Malam Ikrima ma ya kawo nasa har kan hanci. Ya ce shi dai an lalata masa ido, amma tsoho yake gani da allura.

Sufeto ya zaro siririn yankin daga aljihu ya shimfiɗa a kan gilashi.

"Wannan?"

Musaddiq ya ce shi fa, ga shi nan kowa ya gani.

"Kowa ya gani yanzu," in ji Sufeto. "Kafin yanzu mutum biyu ne suka san da shi, mai zanawa da mai yankewa. Ba ya cikin kwafin gwaji. Ba ya jikin kati ko ɗaya cikin ɗari takwas. A cikin filas kawai yake. Kai da ba ka buɗe ba, a ina kuka gaisa?"



Musaddiq ya ce wataƙila Hammawa ne ya faɗa masa. Saje ya tuna masa cewa ko sallama bai ƙarasa wa Hammawa ba. Ya ce to wataƙila ta taga ya hango. Christabel ta ce sai dai in idonsa na zagaye kwana. Sufeto ya miƙa hannu ya ce a ba shi waya.

Ba a sha wahala ba. Zanen na nan a ciki, kwafi biyu, ɗaya da lambar Hajiya ɗaya da ta bogi, kowanne da ƙadangarensa a gefe. A aljihun shaddar kuma aka sami ɗan abin da ake haɗa filas da waya.

Sai ya zauna a kujerar gwajin ido, sitacin duk ya saki. Ya ce shekara bakwai yana buɗe ƙofa yana rufewa a shagon da yake ganin da shi ya dace. Ya so ne ya nuna cewa mutanen nan sunan Yaya suke bi, ba takardar makarantar Anti ba. Shi ya samo baƙin nan biyu, shi ya sari tabarau a kasuwa. A ganinsa tabarau tabarau ne, in ka sa wanda ya yi maka sai ka tafi. Bai zaci wani zai faɗa kwata ba.

"Ita fa?" Hajiya ta nuna Christabel. "Da ka bari ta kwana a bayan kanta?"



Saje ya sa masa ankwa. Da za su fita Musaddiq ya roƙi a bi da shi ta ƙofar baya. Shagon kuwa ba shi da ƙofar baya, shi ma ya sani, shekara bakwai yana rufe ta gaban. Masu kanti da masu faci duk suka fito suna kallo. Ana kiran la'asar motar 'yan sanda ta tashi.

Hajiya ta bi motar da kallo. Sannan ta zo ta kama hannun Christabel, wannan hannun dai da ta ja da safe, ta riƙe shi da nata biyu. Ta ce 'yata ki yafe min, bakina ya riga idona, ni mai gyaran idon mutane. Christabel ta sauke wata ajiyar zuciya da sai da kafaɗunta suka sauka, ta ce ya wuce, Mama. Sai a lokacin ta ce yunwa take ji. Aka aika a sayo mata masa.

Malam Ikrima ya ce duk wannan ya yi kyau, amma shi har yanzu mutum bibbiyu yake gani. Hajiya ta zaunar da shi ta gwada shi da kanta. Da ta ɗora masa na gaskiya, ya ɗauki yankin nan ya kalla, ya yi dariya har filastarsa ta ɗage. Ya ce wallahi da shi yake kama.

A makon aka sake buga katin, da ban haƙuri a sama, da kira ga duk wanda ya karɓi tabaran Gwallaga ya kawo a canza masa. Christabel da ƙafarta ta kai filas. Hammawa kuma aka tsare shi sai da ya karanta lambar da ƙarfi sau biyu, yana gumi kamar ɗan firamare.

Abu ɗaya Hajiya ta canza a zanen. Ta ce a shigo da ƙadangaren ciki, kusa da ƙafar tsohon, inda wuƙa ba ta kaiwa. Ta ce ma'aikacin da ya fi kowa aiki a shagonta ba za a bar shi a kwandon shara ba.

Asabar ta biyu kujeru ba su isa ba, zoɓo ya ƙare tun azahar.

Maganar sojan Shadawanka kuwa, Sufeto ya riƙe amana, Saje ma ya rantse bai faɗa wa kowa ba sai matarsa. Zuwa Laraba har baffan ya ji. An ce Hajiya ce ta yafa mayafi ta je ta same shi da kanta, kuma kun san ta in ta riƙe wuyan hannun mutum. Katin bikin yana wurin Hammawa yanzu haka. Ya ce ƙadangaren ya zo da hular soja.